Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Maganin Mai Neman Haihuwa Tun Kafin Ciki Ake Fara Shi

Duk wanda yake bin kasuwanninmu na kan iyaka, tun daga Maiganga da Ngawi da Garwa-Bulai, zuwa Tuboro da Mbaimbum, har can Garwa da Kusiri, ya san cewa cikin hajojin da ba su kwantai akwai abin da jama'a ke kira maganin ƙarin jini. Akwai na kwalba, akwai na ƙwaya, akwai mai rubutun Faransanci, akwai mai rubutun Ingilishi da ya biyo hanyar Mubi ko Yola, kuma kusan kowanne an manna masa hoton mace mai ƙoshin lafiya tana rungume da jariri ɓul-ɓul. Da zarar cikin uwargida ko amarya ya fito, ta fara jiri da kasala, sai maigida ya tsaya wurin mai tebur a hanyarsa ta komawa gida, ya ce a ba shi wanda ya fi tsada, ya biya, ya tafi da zuciya ɗaya cewa ya sauke nauyi. Babu shakka niyyarsa mai kyau ce. To sai dai a ganinmu, galibi an makara wajen sayen, an kuma yi kuskure wajen zaɓen, kuma waɗannan abubuwa biyu suna iya jawo asarar da kuɗi ba sa mayar da ita.

Bari mu fara da batun makara, domin shi ne wanda mutane ƙalilan suka sani. Masana sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar jariri da lakar da ke cikin ƙashin bayansa suna farawa ne daga wani ɗan siririn bututu, wanda yake buɗe da farko, sannan ya naɗe ya rufe kansa. Wannan rufewa tana kammala cikin kwana 28 da shigar ciki. A lissafin mata, wannan ya zo daidai da mako biyu bayan ranar da mace ta sa ran ganin al'adarta ba ta gani ba. Wato a daidai lokacin da take tunanin ko ɓatan wata ta yi ko lissafi ne ya ruɗe mata, aikin ya riga ya ƙare, ko da kyau ko akasin haka. Idan ta ƙasa ne bututun bai rufe ba, sai a haifi yaro da ƙullutu ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya, ƙafafunsa su shanye, ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, sau da yawa kuma ruwa ya taru a kansa, kan ya yi ta girma. Idan ta sama ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwa ba ta cika, kuma irin wannan jariri ba ya rayuwa. Wani ƙiyasi na masana ya nuna cewa a shekarar 2015 kaɗai, ciki kimanin 260,000 ne suka gamu da wannan larura a duniya, mafi yawansu a ƙasashe matalauta irin namu.

Mun san yadda ake karɓar irin wannan haihuwa a unguwanninmu. Wasu su ce iska ce ta shafi cikin, wasu su ɗora wa kishiya, wasu su ce uwar ta fita da tsakar rana ko da almuru. A rufe yaron a ɗaki, a yi ta yawon neman magani har jari ya karye. Aikin da ake yi wa irin waɗannan yara na ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ne, waɗanda sai an dangana da manyan birane ake samunsu, ga shi daga Maiganga zuwa Ngaundare kawai kimanin kilomita 160 ne, balle a yi maganar Yawunde ko Duwala. Ko an yi aikin, ba ya dawo da lakar da ta lalace. Alhali kuwa yawancin wannan masifa ana iya kauce mata da wata 'yar ƙwaya wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Wannan ƙwaya ita ce ta sinadarin folik, wanda ake rubuta wa “acide folique” a kwalayen Faransanci, ko “folic acid” a na Ingilishi. Tarihinsa ba na jiya ba ne. A shekarar 1931 wata likita 'yar Ingila mai suna Lucy Wills, da take aiki a birnin Bombay na Indiya, ta gano cewa wani abu da ke cikin yis yana warkar da wani irin ƙarancin jini da ke addabar matalautan mata masu ciki. A 1941 aka tace shi daga ganyen alayyafo, aka kuma raɗa masa suna daga kalmar Latin mai ma'anar ganye. A 1991 wani babban bincike da majalisar binciken lafiya ta Ingila ta jagoranta ya nuna cewa matan da suka taɓa ɗaukar ciki mai wannan larura, idan suka sha folik tun kafin su sake ɗaukar wani, haɗarin maimaituwarta yana raguwa da kashi 72 cikin 100. A 1999 kuma aka fitar da sakamakon wani binciken a ƙasar Sin, wanda ya shafi mata kusan 250,000, ya tabbatar da cewa ɗan ƙaramin awo na miligiram 0.4 a rana ya wadatar ga yawancin mata. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya: duk macen da take neman ciki ta riƙa shan miligiram 0.4 na folik kullum, tun daga lokacin da ta fara nema har ciki ya cika mako 12, sannan ta ci gaba da shi haɗe da sinadarin ƙarfe har ta sauka.

A nan ne al'adarmu take karo da wannan shawara. Mace a ƙasar Hausa, haka ma a wurin 'yan'uwanmu Fulani, ba ta faɗin ƙaramin ciki, musamman na fari. Kunya ta hana, tsoron baki ya hana. Da yawa ba su zuwa awo sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar, wasu ma sai ƙafa ta kumbura. Ba mu zo don mu soki kunya ba, domin ado ce ga mace. Abin da muke cewa shi ne, ƙwayar folik ba ta tona asirin kowa. Macen da take shan ta tun kafin ciki ba ta bukatar gaya wa suruka ko maƙwabciya komai, kuma ranar da cikin ya shiga zai tarar da jikinta a shirye.

Haƙiƙa hukuma ta yi abin a yaba a ɓangaren masu ciki. Tun shekarar 2015 aka fara shirin nan na Chèque Santé a jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, inda mai ciki ke biyan sefa 6,000 a duba ta tun daga awo da hoton ciki, zuwa haihuwa, har da fiɗa idan ta kama, da kula da ita da jaririnta har kwana 42 bayan ta sauka. A watan Afrilun 2023 aka shigar da shi cikin shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a garin Manju na jihar Gabas. Muna jan hankalin duk magidancin da bai san da shi ba ya je ya tambaya. Amma wannan takarda ta mai ciki ce, sai an tabbatar da cikin ake yankar ta, lokacin da kwana 28 ɗin nan sun riga sun wuce. Saboda haka akwai giɓi tsakanin ranar ɗaurin aure da ranar awon farko, kuma babu mai cike shi sai mutanen gida.

Jiki yana ɗaukar makonni kafin ya tara folik yadda zai kare jariri, don haka ake son a fara aƙalla wata ɗaya kafin ciki, wata uku kuma sun fi. Tunda yawancinmu ba mu sa wa ciki rana, ma'anar wannan ita ce duk matar auren da ba ta ɗauki matakin hutu ba, kuma ciki zai iya shigar ta, ta cancanci shan wannan ƙwaya. Ga amarya kuwa, ranar da aka sa rana ita ce ranar farawa. Abin mamaki ne yadda ake cika akwatunan lefe da atamfofi da turaruka, iyaye mata su kashe dukiya wajen gyaran amarya da tsimi da gumba da kazar amare, amma ba a tuna da abin da zai kare jikan da kowa yake ɗokin gani. Ita ma uwar 'ya'ya biyar ko shida kada ta ce ta saba. Kowane ciki da kowane goyo suna kwasar rabonsu daga jikinta, musamman idan haihuwar kunika take yi, shi ya sa likitoci ke son a samu tazarar shekara biyu tsakanin haihuwa da sabon ciki.

Wani zai ce ai gwamnati ta riga ta zuba waɗannan sinadarai a cikin fulawa. Gaskiya ne. Tun shekarar 2011 doka ta wajabta wa masu niƙa alkama a Kamaru su ƙara mata sinadarin ƙarfe da zink da folik da bitamin B12, su kuma masu tace man girki su ƙara masa bitamin A. Binciken da aka yi a Yawunde da Duwala shekara guda bayan haka ya nuna folik ya ƙaru a jinin mata. To amma wannan ya fi amfanar mai cin burodi da fanke kullum. Mu a nan gundumar Mbere tuwon rogo da na masara ne abincin gida, can arewa kuma dawa da gero, kuma garin da aka kai injin unguwa aka niƙa babu wanda ya ƙara masa komai. Don haka fulawa taimako ce, ba ta ɗauke wa mai neman haihuwa shan ƙwaya.

Sai batun jini, wanda shi ne ya fi tsaya wa jama'a a rai, kuma da hujja. Babban binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa mata 40 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 a Kamaru suna da ƙarancin jini, kuma a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 406 ne suke rasa rayukansu. Jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi a lokacin goyon ciki, kuma ciki ɗaya yana cin kimanin miligiram 1,000 na sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki yake ƙera jini. Wadda ta shiga ciki da rumbunta babu komai, bashi za ta yi ta ci har ranar biya, ranar biya kuwa ita ce ranar haihuwa. Zubar jinin da mace mai cikakken jini za ta jure, shi ne zai kai mai ƙarancin jini lahira kafin a samo mota daga rugage ko ƙauyukan Johong da Dir. Saboda haka ya dace mai shirin ɗaukar ciki ta je a auna jininta tun da wuri. Ga mai ciki, awon da ya gaza 11 ƙarancin jini ne, wanda ya gaza 7 kuwa haɗari ne babba.

To wanne za a zaɓa cikin wannan tarin magunguna? Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu don kyan zanensa, sai ya soka ya ga ƙwayar. Haka ya kamata a yi wa magani: a juya kwali a karanta lambobin da ke bayansa, wanda bai iya ba ya ba yaron da ke makaranta ya karanta masa. Abu na farko da za a nema shi ne folik, kuma awon da ake so shi ne 0.4 mg. A kwalin Faransanci za a ga an rubuta 0,4 mg da waƙafi, wani wurin kuma 400 µg ko 400 mcg, duk abu ɗaya ne. Abu na biyu shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ake rubuta wa “fer” ko “iron”, kuma abin da ake so ga mai ciki shi ne miligiram 30 zuwa 60 a rana, inda ƙarancin jini ya yi yawa kamar ƙasarmu an fi son 60. 'Yar jar ƙwayar nan da ake bayarwa a wurin awo, wadda mata ke rainawa don araharta, ta haɗa waɗannan biyu daidai yadda ake bukata. Akwai kwalayen da suka ninka ta kuɗi sau da yawa amma abin da ke cikinsu bai kai nata ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai wani tarko da ya kamata masu saye da masu sayarwa su sani. 'Yar ƙaramar ƙwayar folik mai launin rawaya da ta cika kasuwanni, musamman wadda ke shigowa daga Najeriya, galibi miligiram 5 ce, wato ninki 12 da rabi na abin da mace mai lafiya take bukata. Wani zai ce ai yawa ba ya ɓata miya. A nan yana ɓatawa. Daga mako na 13 ana ba mai ciki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da Fansidar, aƙalla sau uku, da tazarar wata guda tsakani. Wannan magani yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar cutar samun folik, saboda haka idan aka cika jini da miligiram 5 kullum, an ɗaure wa cutar gindi ke nan, maganin ya rasa ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka, ta kuma bayyana cewa awon 0.4 ba ya hana Fansidar aiki. A ƙasar da zazzaɓi yake shanye jinin mai ciki, yake sa ɓari da haihuwar ɗan ƙaramin jariri, wannan ba abin wasa ba ne.

Ƙwayar miligiram 5 tana da masu ita. Su ne wadda ta taɓa haihuwar yaro mai wannan larura ta baya ko ta kai, da mai ciwon sikila, da mai ciwon suga, da mai shan maganin farfaɗiya. Waɗannan likita ne zai rubuta musu, shi ne kuma zai tsara yadda za a kare su daga zazzaɓi. Mai farfaɗiya musamman ta ga likita tun kafin ciki, domin wasu magungunan ciwon suna cutar da jariri kuma ana iya canza su, amma kada ta kuskura ta daina sha da kanta.

Abu na uku da za a duba shi ne bitamin A. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, amma yawansa a farkon ciki yana nakasa jariri. Iyakar da aka sa wa mai ciki ita ce awo 10,000 a rana, wanda ake rubuta wa UI ko IU. Jan ƙwanson nan da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara a baki lokacin makon lafiyar uwa da yaro yana ɗauke da awo 200,000, wato ninki 20. Na yara ne, kada mai ciki ko mai neman ciki ta haɗiye shi da sunan ƙarin lafiya, kuma duk wanda ya gan shi a kan tebur ya san ba ta hanyar gaskiya ya iso ba. Haka kuma kada a haɗa magungunan bitamin biyu ko uku a lokaci ɗaya, domin abin da ke cikinsu taruwa yake yi. Mu mutanen ƙasar shanu sai mu ƙara da cewa hanta tana da sinadarin ƙarfe sosai, amma cike take da bitamin A, don haka kada mai ƙaramin ciki ta mai da ita abincin kullum.

Game da magungunan kwalba kuwa, sai a yi hattara ƙwarai. Wasunsu sukari da kala ne suka fi yawa a ciki, wasu akwai barasa, wasu kuma an haɗa su da maganin buɗe ciki irin wanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Mace ta sha ta yi ta barci da cin abinci, kumatu su fito, a ce jini ya ƙaru, alhali jan launi a kwalba da ƙiba a fuska ba su ne jini ba. Haka lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai jiri: suna da daɗi, suna ba da ɗan kuzari, amma babu sinadarin ƙarfen kirki a cikinsu. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka zuba musu ba kuwa, mai neman ciki ta nisance su, domin makonnin farko su ne lokacin da ake halittar gaɓoɓin jariri.

Akwai wasu sinadarai biyu da ya dace a ambata. Na farko aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo ga babba, ya kuma dakushe ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Maganinsa gishiri mai aidin, kuma a nan masu sayar da gishiri suna da hakki a wuyansu, domin aidin yana gudu idan aka bar buhu a buɗe cikin rana da danshi. Na biyu kalsiyom, wanda ake ba masu ciki inda abinci bai wadatar da shi ba, don rage haɗarin hawan jini da jijjiga. Wannan a wurin awo ake tsara shi, kuma ba a shan sa lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarfe, sai a raba su da 'yan sa'o'i. Akwai kuma wata ƙwaya mai sinadarai 15 da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara tun 1999, wadda aka shigar cikin jerin muhimman magunguna na duniya a 2021. Tana ɗauke da folik 0.4 da ƙarfe miligiram 30. Wadda aka ba ta ita a asibiti, a madadin jar ƙwaya take, ba a haɗa su sai da umarnin likita.

Bayan an san abin da za a saya, sai a san inda za a saya. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin kowane goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da aka yi shelar janye wani maganin tari na yara mai suna Naturcold a nan Kamaru, bayan an gano guba a cikinsa, an kuma danganta shi da mutuwar yara a jihar Arewa Maso Yamma. A watan Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta rufe manyan kasuwannin magani na Onica da Aba da Idumota ta Legas na wani lokaci, ta kwashe kaya masu yawa na jabu da waɗanda wa'adinsu ya wuce. Jabun folik ya fi jabun maganin ciwon kai sharri, domin mai ciwon kai zai gane bai samu sauƙi ba, ita kuwa mai shan jabun folik ba za ta sani ba sai ranar haihuwa. Ko maganin na gaskiya ne, yawancinsu an rubuta a ajiye su inda zafi bai wuce awo 30 ba, alhali zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana haura 40. Maganin da ya yini a kan faranti ko a bayan babur cikin wannan rana, ko wanda aka ƙirgo daga gwangwani aka ƙulla a leda babu suna babu kwanan wata, babu mai iya rantsuwa a kansa. Wurin saye shi ne kantin maganin asibiti ko cibiyar lafiya, waɗanda kayansu ke fitowa ta hannun CENAME, ko kuma farmasi mai lasisi. A duba ranar ƙarewar wa'adi, a tabbatar ba a kankare ta ba.

Mun san dalilan da ke sa mata su watsar da ƙwayar bayan kwana kaɗan. Tana sa tashin zuciya ga wasu, tana ɗaure ciki, tana mai da bayan gida baƙi. Baƙin bayan gida ba cuta ba ne, ragowar ƙarfen ne yake fita. Mai jin tashin zuciya ta sha da dare bayan ta ci abinci, ta yawaita ruwa da ganye, idan abin ya ƙi ta koma wurin ungozoma a canza mata. Kada a kora ta da shayi ko kofi ko madara, domin suna hana jiki tsotsar ƙarfe, a bar tazarar sa'a ɗaya ko biyu. Lemo da gwaiba da mangwaro kuwa suna taimaka masa shiga jini. Maganar da ake yaɗawa cewa ƙwayar tana sa jariri ya yi ƙaton da zai gagari haihuwa ba ta da tushe. Abin da take yi shi ne rage haihuwar jaririn da bai kai nauyi ba, da ba uwa ƙarfin naƙuda. A kuma ɓoye ta inda yara ba su kaiwa, domin tana kama da alewa, kuma yaron da ya haɗiye da yawa yana iya mutuwa.

Ƙwaya ba ta maye gurbin tukunya. Allah Ya hore mana wake da gyaɗa da zogale da alayyafo da rama da yakuwa da kuɓewa, ga nama da kifi da ƙwai da nono. Sai dai folik ɗin da ke cikin ganye ba ya jure doguwar dahuwa, miyar da ta yini a kan wuta ta rasa mafi yawansa. A rage dafa ganye, a kuma daina al'adar nan ta kai wa maigida tsoka a bar wa mai ciki romo.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, waɗanda su ne masu riƙe da aljihun gida. Kafin ka ɗaura kaya zuwa Ngawi ko Mbaimbum ko Bangi, inda za ka yi mako biyu ko wata, ka bar wa iyalinka izinin zuwa asibiti da kuɗin zuwa, kada ta zauna jiran dawowarka da jiri. Ka sayo mata folik na wata uku tun yau, ka riƙa tambaya ko ta sha kamar yadda kake tambayar yaron shago cinikin rana. Idan ɓatan wata ya tabbata, ta fara awo cikin wata ukun farko, ta yi ƙoƙarin cika zuwa takwas da ake so, ta kwana cikin gidan sauro. Masu mata fiye da ɗaya su yi adalci a nan ma.

Muna kira ga masu sayar da magani a kasuwa da su ji tsoron Allah. Wanda aka zo masa da maganar mai ciki ko mai neman ciki, mafi alheri ya nuna hanyar asibiti, ribar kwalba ɗaya ba ta kai alhakin rai ba. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa ido a kan abin da ake kasawa a rumfunansu. Limamai da malaman Islamiyya, waɗanda da yawansu suka karɓi batun gwajin jini kafin aure, su ƙara da wannan a cikin nasiharsu ga ango da waliyyai. Ungozomomin gargajiya da masu gyaran amare, waɗanda mata suka fi sakin jiki da su, a koya musu su koyar.

Ga Ma'aikatar Lafiya da shugabannin gundumomin lafiya na Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, muna roƙon a tanadi folik na 0.4 a kowace cibiya, a kuma ba ma'aikata umarnin sayar da shi ga macen da ba ta da ciki ba tare da tambayoyin da za su kunyata ta ba. A yi bayaninsa da Hausa da Fulatanci da Gbaya a gidajen rediyo da ranakun kasuwa, a kuma haɗa da 'yan'uwanmu 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya da ke zaune a Borgop da Ngam tun 2014. Jami'an kwastan da na lafiya su matsa wa manyan masu shigo da jabu, kada ƙarfin ya ƙare a kan yaro mai faranti.

Daga ƙarshe, mun yarda cewa haihuwa da lafiyar abin da aka haifa duk na Allah ne, kuma folik ba ya kawar da kowace irin nakasa, don haka babu dalilin zargin uwar da aka jarrabe ta. Amma ɗan kasuwar da ya kulle shagonsa da dare babu mai cewa ya rasa tawakkali. Mu da muka san ba a fafe gora ranar tafiya, bai dace mu jira sai ciki ya tsufa sannan mu fara neman abin da ya kamata a sha tun kafin ya shiga ba. Allah Ya ba matanmu lafiya, Ya sauke masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya mai albarka, amin.